Ko Ya Halatta A Ga Kyau A Kufai?



A wannan fitowa ta lokacin Azumi muna so mu kawo gabanku wata magana da ta taso a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu, wadda har yanzu ba a kai ƙarshenta ba. Tun da yake ta fi ƙarfin kwamitin majami'a guda, mun ga ya dace a baje ta a faifai.

Akwai wani saurayi cikin ƙungiyar mawaƙa wanda Allah ya ba shi baiwar zane, ya kuma yi karatun abin a makaranta. Kwamiti ya roƙe shi ya zana hoton da za a rataya a bangon bayan bagade daga Larabar Toka har zuwa Ista. Kowa ya ɗauka zai kawo Yesu a jeji yana azumi, ko Yesu ɗauke da gicciye, irin waɗanda aka saba gani a kalanda. Sai ga shi da zane huɗu, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Ashe babur ya hau, ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Boɗinga da Shagari, ya zauna yana zana abubuwan da muke wucewa a guje ba ma ko waiwaya. Ya zana kangon bulo da aka kai linta aka bari, ciyawa ta tsiro a ɗakunansa. Ya zana gidan mai da aka kafa rumfarsa amma ba a taɓa sayar da ko lita ɗaya ba, da wani rami da aka haƙi jar ƙasa aka tafi, ledoji sun maƙale a ƙayar bagaruwa. Na huɗun wata tsohuwar kuka ce tsaye a kan tudu, da guntun katangar laka a gindinta. Kowane zane ya kewaye shi da saƙar igiya mai shiga da fita, wadda ido ba ya gane farkonta balle ƙarshenta. Ya ce ya samo saƙar daga hoton wani gicciyen dutse na ƙasar Ailan, cikin wani tsohon littafi da ya tarar a gidan Fada.

Mu dai, a gaskiya, zanen ya burge mu. Ya kamo hasken la'asar na hunturu daidai, sa'ad da ƙura take mai da rana kamar faifan tagulla. Muka ce wannan shi ne jejin Azumi na ainihi, jejinmu na nan gida. Shugaban kwamiti ya ce shi bai ga addini a ciki ba, bola kawai ya gani. Wani dattijo ya ce kufai da gindin kuka mazaunin iskoki ne, ba a kawo su gaban bagade. Waɗannan biyu muna da amsarsu a shirye. Wadda ta ɗaure mana baki ita ce wata uwa cikin Zumuntar Mata, wadda ta zo garin shekara uku da suka wuce bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Ta daɗe tana kallon kukar da katangar, sa'an nan ta ce, "Fada, haka muka bar namu. Yaron nan ya iya zane ƙwarai. Amma masu gidan suna ina? Ya tambaya?" Saurayin ya sunkuyar da kai. Bai tambaya ba. Mu ma da muka yi ta yabo, ba mu tambaya ba.

Wannan ita ce maganar. Ko ya halatta Kirista ya dubi wurin da wasu suka bari, ya ga kyau a cikinsa, har ya mai da shi abin taimakon addu'a, alhali kuwa mai yiwuwa ne shirun da yake ba shi natsuwa shi ne asarar da ta hana wani barci?

Kafin mu taɓa amsa, bari mu faɗi inda saƙar nan ta fito, gama da yawa daga cikinmu muna bikin Waliyyi Patrick ranar 17 ga Maris ba tare da mun san ƙasar da ya yi wa aiki ba. Ailan tsibiri ne a ƙarshen yammacin Turai, mutanenta kuwa daga cikin al'ummar da ake kira Keltawa suke. Patrick ya kai musu Bishara a ƙarni na 5, shi da aka fara kai shi can yana yaro, bawa mai kiwo. A shekarar 1961 aka ɗora Nijeriya ƙarƙashin addu'arsa, saboda yawan firistoci da sistoci 'yan Ailan da suka yi aiki a ƙasar nan. Dayosis ɗinmu na Sakkwato 'yan Dominikan na Amurka ne suka raine shi tun daga 1953, amma kafin nan yankin yana ƙarƙashin Kaduna, inda Fadan SMA 'yan Ailan suke aiki. Saboda haka littafi irin wanda saurayin ya tarar ba baƙo ba ne a gidajenmu.

Kiristocin Ailan na farko sun ji labarin sufayen Masar, su Waliyyi Antoni wanda ya rasu a shekarar 356, waɗanda suka bar gari suka shiga hamada domin neman fuskar Allah. Suka so su yi koyi da su. Amma Ailan ƙasar ruwan sama ce da ciyawa shar, ba ta da hamada ko taki ɗaya. Sai suka nemi tasu hamadar a tsibirai da kan duwatsu, har wurare da dama a ƙasar suna amsa sunan da asalinsa kalmar Latin ce mai nufin hamada. Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne Skellig Michael, wani dutse mai tsini a cikin teku, wajen kilomita 12 daga gaɓa. A kansa sufaye suka gina 'yan ɗakuna da duwatsu zalla, ba laka ba siminti, masu siffa kamar rumbu, suka jera matakai wajen 600 daga bakin ruwa zuwa sama. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna addu'a a wurin kafin na ƙarshensu su koma cikin ƙasa. Yau ɗakunan suna nan tsaye babu kowa, masu zane da masu ɗaukar hoto suna ta zuwa.

Wanda ya tsaya a wuri irin wannan ya ji tsoron Allah ya kama shi, bai yi kuskure ba. Mutanen da suka zauna a can sun zaɓi kaɗaicin ne da kansu, ba korarsu aka yi daga gida ba, sun miƙa shi hadaya. Shirun da suka bari kamar ƙanshin turare ne da ya saura a ɗaki bayan an gama sujada. Duk da haka akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. A kan gicciyen dutse na Moone, a can Ailan, an sassaƙa mutum biyu zaune suna fuskantar juna, gurasa a tsakaninsu, tsuntsu a bisa. Antoni ne da Bulus mai zaman kaɗaici, mutanen Masar, hankaka yana kawo musu abinci. Wato masassaƙin Ailan, da ya so ya nuna wa jama'arsa tsarki, 'yan Afirka biyu ya sassaƙa, abin da ya isa ya faranta mana rai. Kuma da ya so ya nuna hamada, bai sassaƙa fili wayam ba. Ya sa mutane a ciki, da abinci a tsakaninsu.

Saƙar igiyar kuwa, duk Bahaushen da ya gan ta zai ce ai dagi ne. Muna ganin 'yar'uwarta a bangon gidajen sarauta, da ɗinkin babbar riga, da aikin fata na dukawan Sakkwato, da zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu. Ba mu ce wani ya ara daga wani ba. Mu dai in muka dube ta, tana tuna mana da Wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Saboda haka ga shugaban kwamiti muna cewa da ladabi, addini a zane ba sai an ga fuska mai gemu da haske a ka ba. Ikkilisiya ta daɗe tana neman hannun masu sana'a na gida. Tun a 1947 Fadan SMA suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, inda Fada Kevin Carroll ya yi aiki da masassaƙan Yarabawa, suka sassaƙa labaran Bishara da salon ƙasarsu. Ga dattijonmu kuma muna cewa, Baba, ƙasa da abin da ke cikinta duk na Ubangiji ne, har da gindin kuka. Yakubu a filin Allah ya kwana, dutse ne matashin kansa, da ya farka kuwa ya gane Allah yana wurin tun bai sani ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san darajar wurin da bawan Allah ya zauna. A wannan yankin da saurayin ya yi zanensa, kusa da Boɗinga, akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana zaune a Boɗinga. Fiye da damina ɗari biyu ta wuce ta kan ƙasar, laka kuwa ba ta jure damina kamar dutse. Amma ba wanda yake duban wuraren nan da idon da ake duban bola, gama an san wanda ya zauna, an san abin da ya yi. Suna ne yake riƙe da wuri sa'ad da katanga ta gaji.

To, sai dai Ailan tana da wani irin kufai dabam, nan ne kuma maganar uwar nan take da ƙarfi. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar, aka yi yunwa ta shekaru. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, ana kuwa fitar da hatsi da shanu zuwa Ingila a lokacin. Masu gonaki suka rushe rufin waɗanda suka kasa biyan haya. Har yau a yammacin ƙasar ana ganin katangun gidaje babu rufi a gefen tsauni. Suna da kyan gani, musamman da yamma. A zamaninmu kuma an mai da abin da ake kira ruhaniyar Keltawa kasuwa: littattafai, da waƙoƙi masu sanyi, da hotunan hazo a kan tsohon dutse, ana sayar wa mutanen birni da hayaniya ta gajiyar. A cikin irin waɗannan hotuna sau da yawa ba a bambanta ɗakin sufin da ya zaɓi yunwa saboda Allah da ɗakin matar da yunwa ta kashe 'ya'yanta. Duka dutse ne da ciyawa da shiru. Mai saye yana samun natsuwarsa, bai kuwa san da kuɗin wa aka biya ta ba. Wannan muna ganin akwai zalunci a cikinsa, ko da ba a yi shi da nufi ba.

Harshenmu ya fi hoto gaskiya a nan, gama ya raba kalmomin. Jeji dabam, kufai dabam, kango dabam. Kufai an zauna an tashi. Kango kuwa sau da yawa ba a ma kai ga zama ba, buri ne da ya tsaya a hanya. Kowane kangon bulo a bayan gari akwai labari a ƙarƙashinsa: ma'aikacin da ya soma gini da kuɗin sallama, rashin lafiya ta cinye sauran; magadan da suka kasa daidaitawa; ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗi ya ɓace; baƙon da ya yi shekara ashirin a gari, wata rana ya ga zaman ba zai yiwu ba, ya kwashe iyalinsa da dare. Wannan na ƙarshe, mu a majami'unmu mun san shi, gama mun ga bencin da ya bari. Har gwamnati tana da nata kangon. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, wanda ya tarbi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu a watan Fabrairu na 1982, ya zo da shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi a kowace jiha sa'ad da ya hau mulki a 1979. Niyya ce mai kyau, mutane da yawa kuma sun sami matsuguni ta dalilinta. Amma a wasu wurare an kafa gidajen nesa da gari, babu ruwa babu hanya, soja kuma suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba 1983, gidajen suka yi shekaru awaki ne masu haya. Shi kansa an binne shi a garin Shagari a watan Disamba na 2018.

Sabon kufai kuwa shi ne wanda uwar nan ta sani. A shekarun nan, musamman a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da maƙwabciyarmu Zamfara, ƙauyuka sun tashi saboda 'yan bindiga, Musulmi da Kirista duka, hatsi a rumbu, tukunya a murhu. Nan da shekara talatin kuka za ta tsaya a kan tudun kowane ɗayansu, wani saurayi mai baiwa zai zo da la'asar ya ce wurin yana da kwarjini.

Shin sai mu ce kada a zana irin waɗannan wurare sam? A'a, ba mu yarda da wannan ba, ko da yake shi ne mafita mafi sauƙi ga kwamiti. In an hana zana su, za a ci gaba da wuce su a guje, mantuwa kuwa ita ce abin da mai ɓarna ya fi so. Mu Kirista ma ba mu da bakin hana wannan, gama alamar bangaskiyarmu itacen kisa ne. Muna sassaƙa shi, muna shafa masa ruwan zinariya, muna rataya shi a wuya, ranar Juma'a Mai Kyau muna durƙusawa mu sumbace shi. Abin da ya hana wannan zama wasa da azabar wani shi ne, ba mu taɓa raba gicciyen da sunan Wanda aka rataye a kansa ba. Kowace Lahadi cikin shaidar bangaskiya har sunan gwamnan da ya yanke hukuncin muke ambata, Bilatus, domin kada wani ya ɗauka tatsuniya ce mai daɗin ji. Mun san wanda ya sha wuyar, mun san a hannun wa, mun san dalili.

Haka kuma masu tsoron Allah na Littafi Mai Tsarki suka dubi kufai. Nehemiya ya hau dabbarsa da dare ya kewaya rusassun katangun Urushalima, ya bi su ƙofa ƙofa yana dubawa, kowace da sunanta, sa'an nan ya tara mutane aka kama aiki. Annabi Irmiya kuwa, sojojin Babila suna kewaye da birni, shi kuma yana tsare, ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa, ya auna azurfa, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye takardar cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Kowa zai ce asarar kuɗi ce. Shi kuwa yana shaida cewa filin da za a bari yana da mai shi, kuma za a komo.

Har littafin da ya fi kowane shahara da saƙar Keltawa yana da irin wannan labari a bayansa. Littafin Kells ke nan, Bishara huɗu da Latin, an rubuta shi da hannu a kan fatar maraƙi wajen shekarar 800, ganye 340 ne suka saura, yana ajiye a Dablin. Masana da yawa suna ganin a tsibirin Iona aka soma shi, inda Waliyyi Kolumba ya kafa gidan sufaye a 563. Maharan jiragen ruwa daga arewacin Turai suka yi ta kai wa tsibirin hari, a shekarar 806 suka kashe mutum 68 na gidan, da yawa daga cikin sauran suka ƙaura zuwa Kells. In haka ne, saƙar da saurayinmu ya kwaikwaya kayan 'yan gudun hijira ce, mutanen da suka san abin da uwar nan ta sani. Ba su yi ta domin su lulluɓe ɓarna ba, sun yi ta ne su girmama Maganar da suka ɗauka suka gudu da ita.

Ra'ayinmu ke nan, bayan mun sha kunya a gaban kwamiti. Ya halatta a ga kyau a kufai, gama hasken da ya sauka a kansa na Allah ne, ba na maharan ba. Amma mai kallo yana da bashi a wuyansa, shi ne ya tambaya na wane ne, me ya tashe su, ina suke yanzu. Wanda ya ɗauki natsuwar wurin ya ƙi ɗaukar tambayar ya yi kamar baƙon da ya shiga gidan makoki ya ci tuwo ya yaba miya, ya fita bai yi gaisuwa ba. Wannan bashi kuwa bai tsaya kan masu zane ba. Ya hau kan mu masu wa'azi, da muke son kawo misalin 'yan gudun hijira domin wa'azi ya yi armashi, da duk wanda ya ɗauki hoton wahalar wani da waya ya aika wa abokai.

Mako guda bayan taron, saurayin ya koma, shi da katikis. A gindin kukar suka tarar da wani tsoho manomi, wanda ya ce musu ba yaƙi ne ya tashi wurin ba. Rijiya ce ta ƙafe a zamanin mahaifinsa, mutane suka matsa bakin hanya, jikokinsu suna nan lafiya suna sayar da albasa. Ya yi dariya da ya ga zanen, ya nuna musu inda ɗakin kakarsa yake. Ashe ba kowane kufai ne na hawaye ba, wannan ma sai da tambaya aka san shi. A kangon bulo kuwa, wanda saurayin ya zana wayam, suka leƙa ta baya suka ga buhu an rataya a madadin ƙofa, da duwatsun murhu uku, tokar da sauran ɗumi. Iyali biyu ne suke kwana a ciki, mutum goma sha ɗaya, daga wani ƙauye da aka tasa. Ranar da ya zo zane suna ciki, suka yi shiru har ya tafi, gama ba su san ko mai ginin ne ya aiko shi ba.

Ya sake zanen. Bai sa fuskar kowa ba, domin sun roƙe shi kada ya sa. Ya ƙara buhun ƙofar, da murhun, da hayaƙi siriri, da silifa ɗan ƙarami ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Da aka nuna wa uwar ta ce, "Yauwa, ɗana, yanzu akwai mutane." Amma ta roƙa kada a rataya shi bayan bagade, gama ba za ta iya duban Jibi Mai Tsarki da wannan a bayansa ba tukuna. Aka rataya shi a bangon gefe kusa da ƙofa, tare da na kukar, aka rubuta sunan tsohon ƙauyen a ƙarƙashi yadda manomin ya faɗa. Matan Zumunta suka tara gero da tabarmi aka kai kangon. Shugaban kwamiti har yanzu yana kan bakansa, za a kuma sake zama Lahadi ta biyu bayan Ista a yanke ko za a bar su a bangon. Zanen ramin jar ƙasa saurayin ya tafi da shi gida. Na gidan mai yana jingine a ɗakin ajiya, fuskarsa ga bango, gama har yanzu ba a sami wanda ya san mai shi ba.